Birkin Igiya: Yadda Mai Hawan Dutse Ke Zaɓen Mara Nauyi

An shirya wannan takarda ne don ɗaliban da suka kai ga nazarin kalmomin fannu, wato yadda Hausa take bayanin abin da ba a saba da shi a ƙasar Hausa ba, ba tare da ta yi ta jingina da Turanci ba. Misalin da na ɗauka shi ne wani ɗan ƙarfe da masu hawan duwatsu ke ratayawa a ƙugu. Amma bari mu fara daga kasuwa.

A Grand Marché, babbar kasuwar Njamena da ke daura da babban masallacin birnin, mai neman igiya ba zai sha wuya ba. Da Larabcin Chadi a ce habil, da Faransanci a ce corde, Bahaushen ɗan kasuwa kuma ya ce igiya. Ga ta kaba, ga ta roba a naɗe tuli-tuli. Masu sayenta su ne direbobin manyan motoci, da masu dabbobi, da masu haƙar rijiya. Waɗannan na ƙarshe su ne abin lurarmu. Duk wanda ya taɓa ganin ana zura mutum cikin rijiya ya san ba a riƙe igiyar kai tsaye. Sai an naɗa ta a jikin gungume ko turke sau biyu ko uku, sannan mutum ɗaya ya riƙa sakinta a hankali, alhali wanda ke ƙasa ya fi shi nauyi. Abin da ke ɗauke nauyin shi ne gogayya tsakanin igiya da itace. Kuma ba ƙari take yi ba, ninkawa take yi: idan zagaye ɗaya ya mai da nauyin kashi ɗaya cikin biyar, zagaye biyu zai mai da shi kashi ɗaya cikin ashirin da biyar.

To, ɗan ƙarfen masu hawan dutse gungumen nan ne aka ƙanƙance shi har ya shiga aljihu. Shi ya sa na kira shi birkin igiya. Aikinsa biyu ne. Na farko tsaro: ɗaya yana hawa, abokinsa yana ba shi igiya ta cikin birkin, in ya zame ya faɗo a tsayar da shi. Na biyu sauka: mutum ya zura igiya a birkin da ke maƙale da ɗamararsa, ya sulalo ƙasa yana gwada wa kansa gudu. A nan ɗalibi ya lura da amfanin azuzuwan aikatau. Mai haƙar rijiya saukar da shi ake yi (aji na 5), mai hawan dutse kuwa sauka yake yi da kansa (aji na 3), wanda ke ƙasa kuma ya ce ya sauko (aji na 6). Faransawa suna kiran wannan sauka rappel, ma'ana kirawowa, domin igiya ake ninkawa biyu a jikin maɗauri, in an kai ƙasa a ja gefe ɗaya ta biyo mutum. Wani jagoran duwatsu na Chamonix, Jean Charlet-Straton, ake danganta wa dabarar, bayan hawansa dutsen Petit Dru a 1879. A riƙe maganar ninki biyun nan, za mu dawo kanta.

Mai karatu zai ce me ya haɗa Chadi da hawan dutse, tun da Njamena shimfiɗaɗɗen fili ce a bakin kogin Shari? Amsar tana arewa maso gabas, a tsaunukan Ennedi, tafiyar kwanaki a mota. Can akwai dogayen duwatsun yashi tsaye kamar hasumiyoyi, da bakar Aloba mai tsawon kimanin mita 120. A 2010 Mark Synnott da Alex Honnold da James Pearson suka hau wasu daga cikin hasumiyoyin, a 2016 kuma UNESCO ta sa yankin cikin wuraren tarihi na duniya. Mai niyyar zuwa can ta Njamena zai bi, a kasuwa zai haɗa guzuri, amma birki da igiyar hawa tun daga gida zai zo da su. Na zaga rumfunan kayan ƙarfe ban ga ko ɗaya ba, kuma ban yi mamaki ba.

Birkin iri-iri ne. Mafi tsufa da ake gani har yau shi ne mai siffar lamba 8, nauyinsa wajen giram 100. Yana da daɗin sauka, yana jure zafi, sai dai yana murɗe igiya, kuma riƙonsa wajen tsaro ba shi da ƙarfi. A ƙarshen shekarun 1960 Fritz Sticht ya fito da wani faifai mai tsaga, wanda ake cusa lanƙwasar igiya a ciki a kama ta da ƙugiya mai kulle. Daga wannan faifai ne aka samu birki mai siffar bututu, mai ramuka biyu, irin ATC na kamfanin Black Diamond da Reverso na kamfanin Petzl. Nauyin irin waɗannan tsakanin giram 55 ne zuwa 90. Wasunsu suna da wani kunne na daban da ake rataya su da shi a maɗauri, ta yadda wanda ya riga ya hau zai tsare mai biyo shi, igiya ta danne kanta in an faɗo.

Sai kuma mai taimakon kamu, wanda fitaccensa shi ne GriGri da Petzl ya fitar a 1991. Sunan kansa abin nazari ne: daga gri-gri yake, kalmar da Faransawa ke kiran laya da ita a ƙasashenmu. A cikinsa akwai wani harshe da ke juyawa ya matse igiya idan aka fizge ta. Na yanzu nauyinsa giram 175 ne, wato ya ninka Reverso sau uku.

Yanzu ga inda nake ganin masu saye suke ɓata. Sai mutum ya ɗauki nauyi a matsayin ma'auni na farko, ya yi ta ƙirga giram. Bambancin mafi nauyi da mafi sauƙi bai kai rabin kofin ruwa ba, ga mutumin da dole ya goya lita da yawa a hamada! Tambayar farko ita ce kaurin igiya. Kowane birki an rubuta a jikinsa kaurin da yake ɗauka. GriGri, alal misali, daga milimita 8.5 zuwa 11. In igiya ta yi masa siranta za ta zurare kamar an shafa mata mai, in ta yi kauri ta maƙale. Tambaya ta biyu ita ce yadda za a sauko. Hasumiyar Ennedi ba ta da hanyar baya da za a gangaro da ƙafa, dole a ninka igiya biyu. GriGri kuwa igiya ɗaya tak yake ɗauka. Saboda haka duk kyansa, shi kaɗai ba zai wadatar ba sai da ƙarin dabaru, alhali bututu mai ramuka biyu yana yin aikin nan biyu. Ni dai, in ɗaya za a ce in ɗauka, mai kunnen nan zan ɗauka.

Tambaya ta uku ƙasar ce ke kawo ta. Yawancin birkuna marasa nauyi da alminiyam ake yin su. Igiyar da ta sha rairayi kuwa tamkar zarto take, tana cin alminiyam har bakin ramin ya yi kaifi, kaifin kuma ya juyo kan igiyar. Don haka a wuri irin wannan akwai hujjar zaɓen na ƙarfe mara tsatsa, kamar Mega Jul na kamfanin Edelrid, wanda bai wuce giram 65 ba saboda sirantarsa. Sai dai ƙaramin birki saurin ɗaukar zafi gare shi. A doguwar sauka yakan yi zafin da ba ya taɓuwa, in aka bar shi wuri ɗaya ya ƙona fatar igiyar. Maganin abin shi ne sauka sannu-sannu, da cire igiya nan take in an dira.

Igiyar kasuwa fa? Ta isa ɗaure buhuna da jan guga, amma ba ta hawa ba ce. Igiyar hawa da nailan ake saƙa ta, da cibiya a ciki da riga a waje, kuma tana miƙewa ta shanye ƙarfin faɗuwa. Wadda ba ta miƙewa, ko ba ta tsinke ba, fizgar da za ta yi wa ƙugu da maɗauri ta isa ta yi ɓarna. Ta robar nan kuma ba ta jure zafin gogayya. Yawancin kayan hawa na gaske suna ɗauke da tambarin CE, da yawansu kuma da na UIAA, ƙungiyar masu hawan duwatsu ta duniya da aka kafa a Chamonix a 1932.

Lokacin da nake karatu a Turai wani abokin ɗakina ya ja ni ɗakin koyon hawa. Abin da mai koyarwar ya fi nanatawa ba sunan birki ba ne, hannu ne: wanda ke riƙe da igiyar da ta fito ta bayan birki ba ya sakinta, ko da GriGri ne, domin taimako yake yi, ba ya maye gurbin mutum. Wajen sauka akan ƙara ƙullin Prusik, wanda Karl Prusik na Ostiriya ya fito da shi a 1931, ya kama igiya in hannu ya suɓuce, a kuma ƙulle bakin igiyoyin biyu kada a zurare ta ƙarshensu. In birkin ya faɗi daga sama, akwai ƙullin Munter, mai sunan Werner Munter na Suwizalan, da ake yi a jikin ƙugiya mai kulle kawai. Yana murɗe igiya ƙwarai, amma yana kai mutum ƙasa.