Duwatsun Murhu Uku na Binciken Ciwon Sukari: Kuɗi, Haɗin Gwiwa da Horo

Gabatarwa

Duk wanda ya fito daga Birnin Zazzau ta Ƙofar Doka, ya ratsa Tudun Wada, ya miƙe hanyar Samaru har ya kai Shika, to ya wuce wurare uku masu hannu a sha'anin ciwon sukari. Na farko shi ne tsohon asibitin koyarwa na Tudun Wada. Na biyu, babbar harabar Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, wadda aka kafa a shekarar 1962. Na uku kuwa, mazaunin asibitin koyarwa na Shika, wanda aka tare a cikinsa a shekarar 2005. Masu fama da wannan ciwo sun san hanyar sarai, domin suna bin ta neman magani. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne, a bayan ɗakin ganin likita akwai wani aiki da ake kira bincike, kuma shi ne ke haifar da maganin da gwajin da shawarar da likita yake bayarwa. Kamar tukunya a kan murhu, bincike yana zaune ne a kan duwatsu uku: kuɗi, da haɗin gwiwa, da horarrun mutane.

Ciwon da Girmansa

Abincin da mutum ya ci, kamar tuwo ko shinkafa ko fura, yakan narke ya zama wani irin sukari da ke shiga cikin jini. A bayan tumbi akwai wata gaɓa da likitoci ke kira fankiriyas, wadda ke fitar da sinadarin insulin. Aikin insulin shi ne buɗe wa sukari hanya ya shiga ƙwayoyin jiki, ya zama ƙarfi. Idan insulin ya ƙare ƙaƙaf, wannan shi ne nau'i na ɗaya, wanda ya fi kama yara da matasa. Idan kuwa akwai shi amma ya yi kaɗan, ko jiki ya daina jin sa, wannan shi ne nau'i na biyu, wanda ya fi yawa. A kowane hali sukari yakan taru a jini, sannu a hankali ya lahanta idanu da ƙoda da jijiyoyi da ƙafafu.

Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2021 manya miliyan 537 ne ke da ciwon a duniya, miliyan 24 daga cikinsu a yankin Afirka, kuma fiye da rabin na Afirka ba su san suna ɗauke da shi ba. A Nijeriya, binciken ƙasa da aka yi a 1992 a ƙarƙashin jagorancin Farfesa Oladipo Akinkugbe ya sami kashi 2.2 cikin 100. Wani bincike da likitocin Jami'ar Ahmadu Bello suka buga a 2008 game da ƙauyen Dakace, kusa da Zariya, ya sami kashi 2 cikin 100. A 2018 kuma, da aka tattara bincike-binciken da aka yi a faɗin ƙasa, sai aka sami kusan kashi 5.8 cikin 100, inda Arewa maso Yamma ke da kashi 3. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan alƙaluma sai da wani ya biya kuɗin mota da na allura da na gwajin jini kafin a same shi.

Darasi Daga Toronto

Tarihin gano insulin ya nuna yadda duwatsun nan uku suke aiki tare. A shekarar 1921 wani matashin likita a ƙasar Kanada, Frederick Banting, ya je Jami'ar Toronto da tunani a kansa, ba shi da ɗakin gwaje-gwaje, ba shi da kuɗi. Farfesa John Macleod ya ba shi ɗaki da karnukan gwaji da kuma ɗalibi mai shekara 22, Charles Best, don ya taimaka masa. Ruwan da suka tatso daga fankiriyas ya sauko da sukarin karnuka, amma yana da dauɗar da ta hana a yi wa mutum allurarsa cikin aminci. Sai da masanin sinadaran jiki James Collip ya shigo aikin ya tace shi. A watan Janairu na 1922 aka yi wa wani yaro, Leonard Thompson, allurar, ya kuwa farfaɗo. Da buƙata ta fi ƙarfin jami'a, sai ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin Eli Lilly na Amurka don a riƙa yin insulin da yawa. A 1923 Banting da Best da Collip suka sayar wa jami'ar haƙƙin mallakar maganin a kan dala ɗai-ɗai. Abin lura ga ɗalibi a nan shi ne, ɗaya daga cikin mutanen da suka yi wannan aiki ɗalibi ne da bai daɗe da gama digirin farko ba.

Tambayoyin Gida

Mai karatu zai iya tambaya, tun da Turawa sun riga sun gano insulin, me ya rage wa jami'ar Zariya? Amsar ita ce, akwai tambayoyin da suka shafi mutanen nan, waɗanda ba wanda zai damu da amsa su kamar na gida.

Alal misali, insulin yana son sanyin firiji, tsakanin digiri 2 zuwa 8 a ma'aunin Salshiyos, ga shi kuwa zafin bazara yana da tsanani, wutar lantarki kuma ba ta da tabbas. Wani malami daga Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya sami kyautar Rolex a 2000 saboda dabarar sanya tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan lambu. An gwada tukwanen ƙasa irin na Sudan da Mali don ajiye insulin, aka ga suna rage zafi. Sanin irin sanyin da randar Zazzau ke bayarwa a watan Afrilu, da kuma a damina lokacin da iska ke da laima, aiki ne na masu binciken gida.

Misali na biyu shi ne gwajin da ake kira HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin sukarin jini na kimanin wata uku. Gwajin ya dogara ne a kan jajayen ƙwayoyin jini, saboda haka yakan ba da sakamako mai ruɗi ga masu ciwon sikila, wanda kuwa ya yawaita a wannan ƙasa. Na uku shi ne azumin watan Ramadan. An fitar da jagorar duniya a kan azumin mai ciwon sukari a 2016, aka sabunta ta a 2021, amma fassara ta zuwa ga kunu da ƙosai da dabino da tuwon sahur yana buƙatar a auna abincin gida.

Misali na huɗu ya fi ban tausayi. Akwai wani nau'in ciwon sukari da ke kama ramammun matasa waɗanda suka tashi cikin ƙarancin abinci mai gina jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya shi cikin jerin nau'o'in ciwon a 1985, sannan ta cire shi a 1999 saboda rashin isassun hujjoji. Sai a watan Afrilu na 2025, a taron Bangkok, Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya ta amince da shi a matsayin nau'i na biyar. Wato ciwon talakawa ya ɓace daga littattafai har shekara 26 saboda ƙarancin bincike a inda masu ciwon suke.

Dutse na Farko: Kuɗi

Kuɗin bincike yana tafiya ne wajen sayen sinadarai, waɗanda yawancinsu daga waje ake kawo su da kuɗin ƙetare, da ciyar da ɓerayen gwaji, da man janareta don kada jinin da aka adana ya lalace, da alawus na masu tattara bayanai. Babbar kafar kuɗi a gida ita ce asusun TETFund. Asalinsa yarjejeniyar da ƙungiyar malaman jami'o'i ta ƙulla da gwamnatin tarayya a 1992, lokacin shugabancin Attahiru Jega. A 1993 aka kafa Asusun Harajin Ilimi, aka ɗora wa kamfanoni kashi 2 cikin 100 na ribarsu, sannan a 2011 aka sake masa doka da suna, aka keɓe shi ga manyan makarantun gwamnati. Asusun yana ba da ƙananan tallafi ta hannun kowace jami'a, yana kuma da babban tallafin bincike na ƙasa wanda ake gasa a kansa.

Daga waje akwai Gidauniyar Wellcome ta Ingila, da Cibiyoyin Binciken Lafiya na Amurka, da Gidauniyar Ciwon Sukari ta Duniya wadda kamfanin Novo Nordisk na Denmark ya kafa a 2002. Babu ɗaya daga cikinsu da ke ba da kuɗi don roƙo ko sanayya. Mai nema yakan rubuta takardar ƙuduri, ya bayyana tambayarsa, da abin da magabata suka riga suka gano, da hanyar da zai bi, da lissafin kowace naira. Wasu masana ne za su tantance takardar, kuma waɗanda ake mayarwa sun fi waɗanda ake karɓa yawa. Saboda haka iya rubutu da iya lissafi suna cikin kayan aikin mai bincike, daidai da madubin ganin ƙwayoyin cuta.

Dutse na Biyu: Haɗin Gwiwa

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wasu malaman Sashen Bayokemistiri na Jami'ar Ahmadu Bello sun yi digirin digirgir a Jami'ar KwaZulu-Natal ta Afirka ta Kudu a kan tsirran da Bahaushe ya sani: maɗaci da ɗorawa da kimba da citta. Tsakanin 2014 da 2016 suka buga sakamakon da ya nuna cewa wasu sinadaran da aka tace daga waɗannan tsirrai suna saukar da sukarin ɓerayen gwaji. Tsirran da saninsu daga gida suke, manyan na'urorin tantance sinadarai kuma na can ne. Sai dai wajibi ne a yi hattara: abin da ya yi wa ɓera aiki bai zama maganin mutum ba sai an bi matakai masu tsawo, kuma kuskure ne babba majinyaci ya ajiye maganin asibiti ya koma ga saiwa. Amma hanyar ba ta banza ba ce, domin metformin, maganin da aka fi bai wa masu nau'i na biyu, asalinsa daga nazarin wani tsiro ne na Turai, kuma likitan Faransa Jean Sterne ne ya gwada shi ga masu ciwon a 1957.

Wani misalin shi ne binciken da Farfesa Charles Rotimi, ɗan Nijeriya mazaunin Amurka, ya jagoranta tare da asibitocin koyarwa na Ibadan da Legas da Inugu da kuma Accra da Kumasi a Gana. A 2019 masu wannan aiki suka ba da sanarwar gano wata ƙwayar gado mai suna ZRANB3 wadda ke da alaƙa da ciwon sukari a jikin 'yan Afirka. Jami'ar Ahmadu Bello ita ma ta shiga irin wannan tarayya: tana cikin jami'o'in Nijeriya da suka haɗu da Harvard da Northwestern daga 2010 a shirin MEPI na inganta koyar da likitoci da bincike, kuma a 2014 ta sami cibiyar Bankin Duniya ta binciken cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa sakaci.

Haɗin gwiwa yana da sharuɗɗa. Gwajin maganin sanƙarau da wani kamfanin Amurka ya yi a kan yara a Kano a 1996, da shari'o'in da suka biyo baya, sun bar darasi mai ɗaci. A 2007 Nijeriya ta fitar da ƙa'idojin ɗa'ar binciken lafiya na ƙasa. Dole ne kwamitin ɗa'a ya amince da bincike kafin a fara shi, a kuma yi wa kowane mutum bayani da harshen da yake ji kafin a ɗebi jininsa. Tarayya ta gari ita ce wadda ke barin na'ura da gwaninta a gida bayan baƙi sun tafi.

Dutse na Uku: Horo

Na'ura ba ta bincike sai da mutum. Likitan da ke son ƙwarewa a kan ciwon sukari yakan yi horo na shekaru a asibitin koyarwa irin na Shika, a ƙarƙashin Kwalejin Ƙwararrun Likitoci ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1979, ko takwararta ta Afirka ta Yamma. Ba ya kammalawa sai ya gabatar da kundin bincike. Amma fagen ya fi likitanci faɗi. Ana buƙatar mai harhaɗa magunguna, da mai gwajin jini, da ma'aikaciyar jinya, da masanin abinci, da masanin ƙididdiga, har ma da masanin Hausa wanda zai fassara takardar neman yardar majinyaci yadda tsohuwa a Ƙofar Gayan za ta fahimta. Ga mai neman digiri na biyu ko na uku, akwai guraben karatu na TETFund ga malaman manyan makarantu, da na Ƙungiyar Ƙasashe Rainon Ingila, da na DAAD ta Jamus, da na TWAS, cibiyar kimiyya da Abdus Salam ya kafa a Italiya a 1983, wadda ke da 'yar'uwa mai tallafa wa mata masana kimiyya.

Kammalawa

Hanyar tana farawa ne tun daga aji. Ɗalibin Alhudahuda ko Barewa, ko ɗalibar makarantar 'yan mata, da ke son wannan fage, sai ya riƙe Bayoloji da Kemistiri da Fizis da Lissafi da Turanci da kyau. Malami kuma yana iya koyar da bincike ba tare da tallafin kowa ba. Randa biyu da yashi da ma'aunin zafi guda biyu sun isa: ɗalibai su auna zafin cikin randa da na ɗaki safe da rana da yamma har tsawon wata guda, su rubuta a littafi, su zana jadawali, su yi muhawara a kan abin da ya nuna. Ranar 14 ga Nuwamba, wadda ita ce ranar haihuwar Banting kuma Ranar Ciwon Sukari ta Duniya, lokaci ne da ya dace su gabatar da sakamakon a gaban makaranta. Ɗalibin da ya saba da yin tambaya, da aunawa, da rubuta gaskiyar abin da ya gani, shi ne wanda masu ba da tallafi da abokan tarayya za su nema idan ya kai Samaru ko Shika.