Me Ya Sa Waya Ke Daina Gane Yatsan Masu Aikin Ƙarfe?

Matashin Zaitawa da ya wuni yana dakon rodi da kwanon rufi a Kasuwar Ƙofar Ruwa zai iya dawowa gida, ya ɗora yatsa a kan waya ta ƙi buɗewa. Sau da yawa wayar lafiyarta ƙalau, yatsan ne ya canza.

Na'urar da ke gefen waya ko bayanta tana karanta zanen yatsa ne ta hanyar auna bambancin lantarki tsakanin tudun zanen da kwarinsa. Wadda ke ƙarƙashin sikirin kuma da haske ko sauti take aiki. Kaifin kwano, gogayyar rodi da ƙunar walda duk suna shafe wannan zane.

Idan saman fata kawai ya kankare, zanen yana dawowa yadda yake bayan 'yan makonni. Amma idan yankan ya yi zurfi har ya kai fatar ciki, tabon zai zauna har abada. Nan ne matsalar ta wuce waya, domin BVN da NIN da jarrabawar JAMB duk suna dogara da zanen yatsa.

Akwai kuma haɗarin tetanus, ciwon da ke sandare haƙora da jijiyoyi. Tsatsa da kanta ba ta kawo shi. Ƙwayar cutar tana cikin ƙasa, ƙura da kashin dabbobi, ƙusa ko kwano sai su buɗe mata hanya. Alamun kan bayyana cikin kwana 3 zuwa 21.

Ga abin da ya kamata a yi:

1. A sa safar hannu mai jure yanka wajen ɗaukar kwano da rodi, amma a cire ta kusa da injin da ke juyawa, kada ya fizgi hannu.
2. A cire zobe kafin fara aiki.
3. Idan an yanke, a danne wurin da tsumma mai tsafta, a wanke da ruwa da sabulu. Kada a zuba ƙasa, toka ko baƙin mai.
4. Yanka mai zurfi, ko yatsan da ya ƙi lanƙwasuwa, sai asibiti a ranar, kamar Asibitin Murtala ko Asibitin Ƙashi na Dala, a kuma tambayi allurar tetanus.
5. A yi rajistar yatsun hannu biyu a waya, sannan a haddace lambar sirri.

Yatsan da ya samu tabo, bayan ya warke sai a goge tsohuwar rajistarsa a saitin waya, a sake sabuwa.