Dogon Hutu da Yaran da Aka Killace a Ɗaki

Da zarar an shiga dogon hutu, lungunan Ƙofar Dawanau kan cika da yara, masu ƙwallo da masu langa. Sai dai akwai waɗanda ba a gani a cikinsu: mai farfaɗiya, da wanda sanƙarau ko shawarar jarirai ta taɓa masa ƙwaƙwalwa. Iyaye na killace su don gudun tsangwama, saboda har yanzu wasu na cewa iska ce, wasu kuma sun yarda ana ɗaukar farfaɗiya ta yawu. Likitoci sun tabbatar ba a ɗaukar ta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum miliyan 50 ke fama da farfaɗiya, kuma kashi 70 cikin ɗari za su iya daina faɗuwa idan sun samu magani yadda ya kamata. Amma ƙwaya ba ta maganin kaɗaici. Wannan ne ya sa a 1988 jarumin fim Paul Newman ya buɗe sansanin hutu a jihar Connecticut ta Amurka domin yara masu cututtuka masu tsanani. A irin wannan sansani nas tana kusa, ana shan magani a kan lokaci, wasanni kuma daidai ƙarfin kowa. Babbar ribar ita ce yaro ya ga ɗan'uwansa mai irin lalurarsa, ya gane ba shi kaɗai Allah ya jarraba ba.

Kano ba ta rasa ƙwararru ba. Ga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ga asibitin yara na Hasiya Bayero, ga na ƙashi a Dala, ga na ƙwaƙwalwa a Dawanau. Don haka za a iya shirya irin wannan sansani a nan, kuma ba sai an kwana ba. Harabar firamare ko Islamiyya ta wadatar, daga safe zuwa La'asar. Yara na wasa da karatu, mai gashin ƙashi na motsa musu gaɓoɓi, iyaye mata kuma na koyon abin yi idan ciwon ya tashi: a kwantar da yaro ta gefe, kada a cusa masa cokali a baki, in ya wuce minti 5 a garzaya asibiti.

Muna kira ga masu unguwanni da limamai da attajiran kasuwar Dawanau da su haɗa hannu da likitoci kafin hutu mai zuwa. Waɗannan yara amana ce a wuyanmu, kuma za a tambaye mu a kansu.