Ɓera da Zazzaɓin Lassa: Rigakafin Yana Cikin Gidajenmu da Kasuwarmu

Da sanyin hunturu ya sauka a Jos, an gama girbi, an fara ƙona daji, sai ɓera ya rasa abinci da mafaka a gona ya nufo gari. A daidai wannan lokaci ne, daga Disamba zuwa Afrilu, aka fi samun masu zazzaɓin Lassa a asibitocin Najeriya. Unguwa irin Kwararafa, inda gida ke manne da shago, shago ke manne da kasuwa, ga buhunan hatsi da kayan miya, ga kwata da bola, ta haɗa duk abin da ɓera ke nema a duniya. Amma har yau yawancinmu kallon ɗan ƙaramin ɓarawo muke yi masa, mai huda buhu ya hana barci, alhali asarar da yake jawowa tana kai wa ga rai.

Mutanen Jos sun fi kowa cancantar sanin wannan cuta, domin a garinsu duniya ta fara gane ta. A watan Janairun 1969 wata ma'aikaciyar jinya Ba'amurkiya mai suna Laura Wine ta kwanta da zazzaɓi a asibitin mishan na garin Lassa, wanda yanzu yake cikin Jihar Borno. Aka ɗauko ta a jirgin sama zuwa asibitin mishan na SIM da ke Jos, a nan ta rasu. Charlotte Shaw, wadda ta yi jinyarta, ta kamu ita ma ta rasu. Ta uku, Penny Pinneo, aka garzaya da ita New York, ta sha da ƙyar. Daga jinin waɗannan mata ne masana a Jami'ar Yale suka ware ƙwayar cutar, aka sa mata sunan garin Lassa. Can ma sai da ta kwantar da babban masani Jordi Casals, ta kashe wani ma'aikacin ɗakin gwaji. A farkon 1970 cutar ta sake ɓarkewa a asibitin Evangel, wanda muke kira Jankwano, ta kama mutum sama da ashirin. Likitar asibitin, Jeanette Troup, ta yanke a hannu tana binciken gawa don gano abin da ke kashe majinyatanta, ta kamu, ta rasu a watan Fabrairu.

Duk wannan lokacin ba wanda ya san inda cutar ke ɓuya. Sai a 1972, da ta ɓarke a gabashin Saliyo, masu bincike suka kafa tarkuna a gidaje suka gano ta a jikin wani ɓera da masana ke kira Mastomys natalensis. Macensa tana da nonuwa jere har kusan ashirin da huɗu, takan haifi 'ya'ya goma ko fiye a ciki ɗaya, shi ya sa yaɗuwarsa ke da sauri. Abin da ya sa yake da haɗari shi ne cutar ba ta kwantar da shi. Yana yawonsa lafiya lau, yana zubar da ƙwayar cikin fitsari da kashi, wani tun daga haihuwa har mutuwarsa. Ba kowane ɓera ke ɗauke da ita ba, amma ba mai iya tantancewa da ido cikin dare, kuma sauran ɓerayen gari suna da nasu cututtukan, ciki har da wadda ke bin ruwan kwata ta taɓa hanta da ƙoda.

Hanyar da cutar Lassa take shiga jikin mutum ba ta da nisa da mu. Uwargida ta rage tuwo don ɗumamen safe, ta rufe kwanon da faifai ta ajiye a ƙasa. Cikin dare ɓera ya ture faifan, ya ɗanɗana, ya yi fitsari a kai, ya bi ta kan cokula da ludayi ya wuce. Da asuba yaro ya gutsuri tuwon tun kafin a ɗora a wuta. Ko kuma ɗan kasuwa ya buɗe shago ya tarar da baƙin kashin ɓera a bakin buhun garin kwaki, ya sa hannu ya kwashe na sama, ya ci gaba da awo. Shinkafa da wake dai za su shiga tukunya, wuta ta kashe ƙwayar, amma garin kwaki da ruwan sanyi ake jiƙa shi a sha. Haka abin yake ga rogo, masara da barkonon da ake shanyawa a bakin titi su kwana a fili. Har ƙurar da tsintsiya ke tayarwa a busasshen ɗaki tana iya ɗaukar ƙwayar zuwa hanci. Yaran da ke farautar ɓera bayan ƙona daji, suna feɗe shi da hannu, su ma suna cikin haɗari.

Idan cutar ta shiga jiki takan yi kwana shida zuwa ashirin da ɗaya kafin ta bayyana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum 80 cikin 100 ba sa jin komai, ko kuma su yi ɗan zazzaɓi ya wuce. Ga ragowar kuwa, tana farawa da zazzaɓi, kasala, ciwon kai, ciwon maƙogwaro, amai da gudawa, abin da kowa zai ce cizon sauro ne ko taifot. A nan ake asarar rai. Sai a yi ta zuwa kemis, a sha wannan a sha wancan, har fuska ta kumbura, jini ya fara fita ta hanci ko baki, sannan a nemi mota. Cikin waɗanda ake kwantarwa da cutar ta yi tsanani, kimanin 15 cikin 100 suna mutuwa. Cikin waɗanda suka warke, kusan ɗaya cikin huɗu yana samun kurumta, wani na ɗan lokaci, wani har abada. Ga mace mai tsohon ciki kuwa, sau da yawa ba a samun ɗan da rai. Har yanzu babu allurar rigakafi da aka amince da ita. Akwai maganin Ribavirin da ƙarin ruwa da kulawar asibiti, kuma an fi cin moriyarsu idan an fara a kwanakin farko.

Cutar tana kuma tsallakawa daga mutum zuwa mutum ta jini, fitsari, amai da sauran ruwan jiki. Mai jinya a gida, ma'aikacin asibiti da mai wankan gawa su ne na gaba a layi. Wannan ne dalilin da ya sa jami'an lafiya ke shiga cikin jana'izar wanda aka tabbatar da ita, kuma haɗa kai da su kare rayayyu ne.

Hausawa sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ɓera ba ya zama inda babu abinci, ruwa da maɓoya, don haka aikin farko shi ne a hana shi waɗannan ukun. Hatsi da gari su koma cikin duro ko bokiti mai murfi mai kamawa. Buhunan shago a ɗaga su kan katako, a bar rata tsakaninsu da bango. Randa da tulu a rufe. Kwanuka a wanke su da dare, a sake ɗaurayewa da safe, sauran abinci kuma a tafasa shi sosai kafin kowa ya kai baki. Ramin da ke gindin bango a toshe shi da siminti, ƙarƙashin ƙofa a buga masa gwangwani, bakin rariya a sa masa raga, domin ramin da yatsa zai shiga ya ishi ƙaramin ɓera. Kafin a share wurin da ya yi kashi, a yayyafa ruwan bilic don ƙura kada ta tashi. Mushensa kuwa a sa leda a hannu ko shebur a ɗauke, a binne shi da zurfi, a wanke hannu da sabulu. Tarko da kyanwa suna taimakawa. Maganin ɓera kuma a nisanta shi daga yara, kaji da abinci.

Sai dai kisa kaɗai ba ya raba gari da ɓera. A ƙauyukan yankin Faranah na ƙasar Gini an gwada zuba magani gida-gida, ɓerayen suka ragu ƙwarai, amma cikin 'yan watanni suka dawo, tunda abin da ke jawo su yana nan. Wanda ya tsabtace gidansa alhali bola tana bayan katangarsa, ya rage aiki ne kawai. Dole shugabannin kasuwa, masu unguwa da limamai su sa ranar yashe kwata da kwashe shara ta zama ta kowa, hukuma kuma ta kawo motar da za ta ɗauke abin da aka tara.

Duk wanda zazzaɓinsa ya ƙi jin maganin cizon sauro bayan kwana biyu ko uku, musamman a rani, a kai shi asibiti nan take, a kuma gaya wa likita idan akwai ɓeraye a gidan. Hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, tana da layin kyauta, 6232, don kai rahoto. Wannan cuta ba abin kunya ba ce da za a ɓoye a ɗaki, kuma wanda aka kai da wuri ya fi samun damar komawa gida da ƙafarsa.