Wai Zomo Ba Ya Shan Ruwa?

Yaro a Panshekara ya fasa asusunsa, ya sayo ɗan zomo fari sol, ya rungumo shi a kwalin taliya. Mai sayarwa ya raka shi da gargaɗi: "Ka ba shi dusa da ganye, ɗan samari, amma kul ka ba shi ruwa, mutuwa zai yi." Yaro ya riƙe maganar gam. Kwana huɗu aka yi, aka wayi gari zomo ya sanƙare a ƙarƙashin gado. Uwa ta ce kambun baka ne, uba ya ce daman zomo ba shi da ƙarko, yaro ya sha kuka. Babu wanda ya ambaci ƙishirwa.

Irin wannan na ta faruwa a gidajen ma'aikatan kamfanoni daga Challawa zuwa Sharaɗa, inda iyali ke zaune a ɗaki da falo, zomo kuma ya zama dabbar da ta fi sauƙin ajiyewa. Abin haushi shi ne har masu boko na maimaita wannan camfi, kai ka ce a littafi suka karanta.

Tushen ruɗanin yana cikin sunan. Hausa ta haɗa dabbobi biyu ta kira su zomo. Na daji, wanda mafarauta ke bi da karnuka, yana rayuwa a kan ɗanyar ciyawa da raɓa, ba kasafai ake ganin sa a bakin ruwa ba, kuma 'ya'yansa da gashinsu ake haifar su, ido buɗe. Na gida kuwa asalinsa daga yankin Sifen da Fotugal yake, a rami kakanninsa ke fakewa daga rana, ana haifar 'ya'yansa tsirara, ba sa buɗe ido sai wajen kwana 10. An ɗauki halin wancan an ɗora wa wannan, sannan aka kulle shi a ɗakin kwano aka tura masa busasshiyar dusa.

Likitocin dabbobi sun daɗe da auna abin. Zomon gida na buƙatar ruwa mililita 50 zuwa 150 a kan kowane kilo na nauyinsa a kullum. Wato zomo mai kilo 2 zai iya shanye rabin ledar fiya-wata a yini, ya ƙara idan ana zafi. Mai shayarwa takan ninka hakan, kuma rashin ruwa na cikin dalilan da ke sa uwa ta cinye 'ya'yanta, abin da mutane ke kira mugunta alhali ƙishi ne ya kai ta bango.

Ga kuma zafin Kano. Zomo ba ya gumi kamar mutum. Ta dogayen kunnuwan nan yake fitar da zafin jikinsa. Da zarar zafi ya haura digiri 30 ya fara wahala, a Afrilu kuwa garin nan kan taɓa 40. Zomon da ya miƙe a ƙasa yana haki, hancinsa ya jiƙe, kunnuwansa sun yi zafi, ba hutawa yake yi ba, yana bakin mutuwa ne. Idan ruwa ya yi ƙaranci a jikinsa, abincin da ke hanjinsa sai ya bushe ya tsaya cak, kashinsa ya ƙanƙance, ya daina ci. Zomo kuma ba ya iya amai, don haka abin da ya shiga cikinsa hanya ɗaya gare shi.

Masu kare camfin suna da hujjar da suke taƙama da ita: "Ai mun taɓa ba shi ruwa, ya yi zawo ya mutu." A bincika da kyau, za a tarar ɗan zomon ɗan sati uku ne aka raba shi da nonon uwarsa don a samu na cefane, alhali bai kamata a raba su ba sai ya kai sati shida zuwa takwas. Za a tarar ranar da ya zo aka cika masa gaba da latas da kabeji da karas, cikin da bai saba da komai ba sai nono. Ko kuma a kwanon wanki aka zuba ruwan, ya faɗa ciki ya jiƙe sharkaf a sanyin hunturu. Ko ruwan ya kwana uku da kashi a ciki. Duk waɗannan na kisa, amma ruwa aka kama aka ɗaure, masu laifin na yawo.

A Challawa akwai wani ƙarin haɗari. Kamfanonin jima da na saƙa sun shafe shekaru suna sakin gurɓataccen ruwa a magudanan da ke gangarawa Kogin Challawa. Na Sharaɗa ta rafin Salanta yake bi, na Bompai kuma ya nufi Getsi da Jakara. Ruwan jima na ɗauke da sinadarin kuromiyam da wasu dafi. Ciyawar da ta fi kowace kore shar a tsakiyar rani ita ce ta bakin irin waɗannan magudanai, ita kuma yara suka fi yankowa. Kada a ba zomo ita, kada a ɗebo masa ruwa daga nan. Ruwan da mutanen gida ke sha, shi ne nasa.

A zuba ruwan a ƙaramin kasko mai nauyi marar zurfi, wanda ba zai kifar ba, a wanke a sauya safe da yamma. Babban abincinsa busasshiyar ciyawa mai tsabta da harawar gyaɗa ko ta wake, wadda ba ta yi fumfuna ba, ta kasance a gabansa dare da rana, domin haƙoransa ba sa daina tsiro, tauna ce ke rage su. Dusa kaɗan ta isa. Ɗanyen ganye, kamar na zogale ko na dankalin Hausa, a jinkirta sai ya kai wata uku, a fara da iri ɗaya, ɗan kaɗan, a wanke a bar shi ya tsane. Karas kamar alewa yake gare shi, yanki guda ya wadatar. Biredi, tuwo da ragowar shinkafa ba abincinsa ba ne.

Kwali ba ɗaki ba ne, zai cinye shi ya fice. A sama masa keji mai faɗi a wurin da iska ke shiga, nesa da rana da hayaƙin janareta, a shimfiɗa buhu ko katako saboda santsin tayil na raunata ƙafafunsa. Lokacin zafi a rataya jiƙaƙƙen buhu a gefen kejin, ko a ajiye masa gorar ruwan sanyi ya jingina. A riƙa sakin sa ya zaga ɗaki, amma a ɗage wayar caja da ta fanka, don zai datse su. A kawar da maganin ɓera, a fitar da shi kafin a fesa maganin sauro. Mage da gafiya kuwa ba sa yi masa sassauci. Ba a yi masa wanka, ba a ɗaga shi ta kunne. Hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya a ƙarƙashin gindi, domin idan ya yi harbi a iska ƙashin bayansa na iya karyewa. Idan an ga yana cin wani kashinsa mai laushi da asuba, a ƙyale shi, halittarsa ce, abinci yake ƙara tacewa.

Akwai ƙazuwa da ƙwarin kunne da annobar zubar jini ta zomaye da ta ɓulla a Najeriya a 2020, amma waɗannan aikin likita ne. Abin da ba za a yi ba shi ne a tsallaka kemis a sayo Ampiclox a ɗura masa: magungunan dangin fanisilin, idan ta baki aka ba shi, suna kashe ƙwayoyin hanjin da yake narkar da abinci da su, su tafi da shi. Zomon da ya yi sa'o'i 12 bai ci ba, bai yi kashi ba, asibitin dabbobi za a kai shi a ranar.

Kowane ɗan Islamiyya ya san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha. Iyayen da suka bar yaro ya shigo da zomo gida su ne za a tambaya, tunda yaro abin da aka faɗa masa ya bi. Kafin maigida ya fita kamun aikin safe a kamfani, leƙa kaskon nan ba zai ci masa minti ɗaya ba.