Makaɗin da ke ɓoye cikin gem

Duk wanda ya taɓa zama a filin dambe ya san idon makaɗi ba ya barin ɗan dambe. In ya yunƙura, kalangu ya ɗau zafi. In ya ja da baya, a sassauta. Kiɗan gem ma haka yake, kuma a nan ya rabu da kiɗan fim. Mai yi wa fim kiɗa ya san daidai daƙiƙar da jarumi zai faɗi. Mai yi wa gem kuwa ba shi da wannan gata, domin ragamar tana hannun mai bugawa, wanda zai iya haye mataki cikin minti biyu ko ya wuni a kansa.

Tun 1978 aka fara gano wannan sirri, lokacin da kamfanin Taito na Japan ya fitar da Space Invaders. Sauti huɗu ne rak, masu kauri, suna ta maimaituwa kamar bugun zuciya. Kana kakkaɓe maharan da ke cikin gem ɗin, waɗanda suka rage suna ƙara sauri, kiɗan na bin su, kai ma numfashinka ya bi kiɗan ba tare da ka sani ba.

Gwanin wannan fage shi ne Koji Kondo na kamfanin Nintendo, wanda ya tsara kiɗan Super Mario Bros. a 1985. Na'urar da ya yi aiki da ita muryoyi biyar kacal take iya fitarwa a lokaci guda, kuma da su ake raba kiɗa da ƙarar tsalle da ta ɗaukar tsabar kuɗi. Shi ya sa in Mario, jarumin gem ɗin, ya yi tsalle, wani zaren kiɗan kan ɗan ɓace ya ba ƙarar wuri. Cikin wannan ƙunci Kondo ya daidaita kiɗansa da gudun Mario. Ga kuma dabarar da kowa ya sani: da zarar lokaci ya rage 100 a agogon wasan, sai a ji gargaɗi, kiɗan ya hau gudu. Ba ka dubi agogo ba, amma yatsunka sun riga sun ji labari, har tafin hannu ya fara gumi. A Super Mario World na 1990 ya ƙara wata gwaninta: ka hau bayan Yoshi, dabbar da Mario ke hawa, ganguna su shigo cikin kiɗan, ka sauka, su yi shiru. Ni dai na daɗe ina jin daɗin hawan nan kafin na gane gangunan ne ke ruɗa ni.

An jima ana raina wannan sana'a a matsayin ƙarar wasan yara. Sai a 2023 Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya sanya kiɗan Mario cikin kundin sautukan da ake adanawa don tarihi, kuma shi ne kiɗan gem na farko da ya shiga. A shekarar ce kuma aka fara ba kiɗan gem kyautar Grammy a rukuninsa na kansa.

Yawancinmu a waya muke buga gem, sauti a kashe, don kada a dami na kusa. Uzuri ne mai kyau, amma rabin wasan kake bugawa. In ka samu sarari, sa abin kunne ka sake buga matakin da ya gagare ka, ka saurari abin da makaɗin yake ta ƙoƙarin gaya maka.