Mata A Doron Ƙanƙara: Ƙofar Da Aka Daɗe Ana Tokarewa

Har zuwa shekarar 1969, rundunar sojan ruwan Amurka, wadda ita ce ke jigilar masu bincike zuwa nahiyar Antatika, ba ta yarda ta ɗauki mace ba. A shekarar da aka janye wannan hani ne Lois Jones, masaniyar duwatsu daga Jami'ar Jihar Ohio, ta jagoranci ayarin mata zalla zuwa can, kuma ranar 12 ga Nuwamba mata shida suka sauka daga jirgi a ƙuryar kudancin duniya suna saƙale da hannun juna, don kada a ce wance ce ta riga. Ingila kuwa ta fi jan ƙafa, domin sai a 1983 hukumarta mai binciken yankin ta bar Janet Thomson ta yi aiki a can. Hujjojin da aka riƙa kawowa, irin su rashin makewayin mata, duk mai hankali ya san kame-kame ne. Wannan hukumar dai a 2013 ta naɗa mace, Jane Francis, shugabarta.

Ta fuskar tattaki ma labarin ya sauya. Ann Bancroft ta isa ƙuryar arewa a 1986 cikin ayarin da karnuka ke ja wa kaya. Liv Arnesen, 'yar Norway, ta kai ƙuryar kudu ita kaɗai a 1994 bayan kwana 50. A 2012 Felicity Aston ta ratsa nahiyar ita kaɗai cikin kwana 59, tazarar kilomita 1,744, tana jan guzurinta a bayanta. Mai karatu ya lura, wahalar ba a sanyi kaɗai take ba: kafin a taka ƙanƙara sai an daɗe ana bin kamfanoni neman ɗaukar nauyi, bayan an dawo kuma rubuta littafi da gabatar da lacca su ne abincin yau da gobe.

Amma a ganina, wadda aikinta ya fi nauyi ba ta kafa tarihin tafiya ko ɗaya ba. Sheila Watt-Cloutier 'yar ƙabilar Inuit ce daga arewacin Kanada, wadda ƙanƙara ita ce hanyar mutanenta kuma gonarsu. Ta yi tsayin daka a tattaunawar da ta haifar da yarjejeniyar Stockholm ta 2001 kan guba mai daɗewa a muhalli, irin wadda aka samu a nonon matan yankinsu alhali ba su ne ke sarrafa ta ba. A 2005 ta kai ƙarar Amurka gaban hukumar kare haƙƙin bil'adama ta nahiyar Amurka, tana mai cewa hayaƙin da ke ɗumama duniya yana tauye haƙƙin jama'arta. Hukumar ta ƙi karɓar ƙarar, sai dai a 2007 ta zauna ta saurari batun alaƙar sauyin yanayi da haƙƙin ɗan Adam.

Ko da aka buɗe ƙofar, ba a share ɗakin ba. Wani rahoto da hukumar kimiyya ta Amurka ta fitar a 2022 ya nuna kashi 72 cikin ɗari na matan da suka amsa tambayoyi suna ganin cin zarafin mata matsala ce a sansanonin ƙasar da ke Antatika, wuraren da in hunturu ya kama, mai ƙorafi da wanda take ƙorafi a kansa za su kwashe watanni suna cin abinci a ɗaki ɗaya.